Yadda Ake Gane Raunin Ji da Zaɓen Na'urar da Ta Dace da Kunne

Da wuya mai raunin ji ya zama shi ne ya fara lura da kansa. Mutanen gida ne ke fara gajiya: an ƙure ƙarar talabijin, kowace magana sai an maimaita, a ƙwala masa kira daga wani ɗaki a ji shiru. In an yi masa ƙorafi ya ce, "Ni fa ina ji, ku ne ba ku buɗe baki." Kuma yana da gaskiya ta wani ɓangaren, don muryar na isa gare shi, kalmomin ne ba sa fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum sama da biliyan 1.5 na da raunin ji, miliyan 430 daga cikinsu kuma abin ya kai sai an taimaka musu. Na daɗe ina auna kunne ina saita wa mutane na'urar ji, kuma babu abin da ke ba ni takaici kamar na'urar da aka zuba wa kuɗi ta ƙare a cikin durowa. In ka bi diddigi, galibi an saya ne kafin a auna kunnen, ko an auna amma ba a saita ta daidai da sakamakon ba. Saboda haka ka bi matakan nan a jere. Ko kai ne mai matsalar, ko mahaifinka ko mahaifiyarka kake yi wa hidima, hanyar ɗaya ce.

Abin da za ka tanada

Kafin zuwa wurin gwaji:

- Takarda da ka rubuta wurare uku zuwa biyar da ji ya fi ba ka wahala, kamar waya, taro, cikin mota, hira da yara, wurin aiki. Da ita za a yi zaɓe daga baya, kada ka raina ta.
- Sunayen magungunan da kake sha da waɗanda aka taɓa yi maka allurarsu na tsawon lokaci. Jentamaisin, sitireptomaisin da wasu magungunan tarin fuka, kwinin, da sisfilatin na cutar daji duk suna iya taɓa ji. In kana shan maganin tsinka jini, shi ma ka faɗa.
- Tarihin kunnen: sanƙarau, ƙyanda, hangum, bugu a kai, yoyon kunne tun yarinta, aiki kusa da injina masu ƙara, ciwon suga, ko akwai kurumta a dangi.
- Takardun gwajin baya, in akwai.
- Wayarka, da mutum ɗaya wanda ka saba da muryarsa.

Bayan an sayi na'ura: ɗan buroshi, ƙyalle mai laushi, kwalba mai murfi da sinadarin silika mai tsotse laima, batura ko caja, ƙananan matatun datti na canji, da madubi.

Mataki na 1: Ka gane wane irin rauni ne

Sauti na shiga ramin kunne ya bugi dodon kunne. Wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa kunnen ciki, wani ɗan bututu ne nannaɗaɗɗe mai siffar katantanwa cike da ruwa. A cikinsa akwai dubban ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke mayar da girgizar saƙo, jijiya ta kai ƙwaƙwalwa. Iya abin da kake buƙatar sani ke nan don ka fahimci raunin ji iri biyu da ake samu.

Na farko shi ne raunin toshewar hanya: datti ya cika rami, ruwa ya taru a bayan dodon kunne, dodon ya huje, ko ƙasusuwan sun sandare. Sauti ne bai isa ciki da ƙarfi ba. Wannan sau da yawa magani ko tiyata na gyara shi.

Na biyu shi ne raunin kunnen ciki ko jijiya, wanda tsufa, ƙara mai yawa, wasu cututtuka da magunguna ke kawowa. Ƙwayoyin nan masu gashi in sun mutu ba sa sake tsirowa. Waɗanda ke kama siraran sautuka su ne ke fara tafiya, shi ya sa s, sh, f, ts da t ke ɓacewa, wasula kuma su tsaya daram. Sai mutum ya kasa raba fara, sara, shara, tsara da tara, duk "ara" yake ji, sauran ya cika da hasashe. Muryar mata da yara ta fi ta maza wahalar kamawa. Wani abin da mutane ba su sani ba: irin wannan kunnen ba ya jin ƙaramin sauti, amma kuma babban sauti na yi masa zafi fiye da mai lafiya. Shi ya sa za ka yi wa tsoho magana bai ji ba, ka ɗaga murya ya ce, "Me ya kawo ihu?" Akwai kuma wanda ya haɗa iri biyun.

In ba ka kusa da wurin gwaji, ga abin da za ka fara yi a gida. Wani ya tsaya a bayanka da nisan hannu ɗaya, ka toshe kunne ɗaya da yatsa kana ɗan murza shi. Ya fitar da numfashinsa duka, sannan ya raɗa lambobi uku a haɗe, ya sake wasu uku. In ba ka kama uku cikin shida ba, kunnen da ke buɗe na buƙatar awo. Sai a juya ɗaya ɓangaren. Idan kunne ɗaya ne ya toshe, rufe bakinka ka yi "mmm". Ka ji shi ya fi ƙarfi a kunnen da ya toshe, alamar toshewar hanya ce. Ka ji ya koma kunne mai lafiya, to matsalar na iya zama a ciki, kada ka yi wasa. Akwai kuma manhajar hearWHO da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, kyauta ce: ka sa hedifon, ta karanto lambobi uku-uku cikin hayaniya, kana dannawa. Maki ƙasa da 50 na nufin ka nemi cikakken gwaji. Duk waɗannan nuni kawai suke yi, ba a sayen na'ura da su.

Mataki na 2: Ka ware abin da likita yake nema da gaggawa

In ɗaya daga cikin waɗannan ya same ka, bar zancen na'ura tukuna, ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro:

Ji ya ɗauke farat ɗaya, ko cikin kwana uku, musamman a kunne ɗaya. Wannan shi ne wanda aka fi yi wa sakaci, ana cewa mura ce ko datti, a zauna jira. Maganin sitiroyid da ake bayarwa ya fi aiki in an fara cikin mako biyu na farko, kuma gwargwadon saurinka gwargwadon damar dawowar jin. Ka tafi a ranar, ko washegari.

Sauran su ne: kunne na fitar da mugunya, ruwa ko jini, ciwo, jiri ko hajijiya, ƙarar kunne a ɓangare ɗaya ko wadda ke tafiya da bugun zuciya, kunne ɗaya ya fi ɗaya rauni sosai, fuska ta karkace, ko mai matsalar bai kai shekara 18 ba.

Mataki na 3: A leƙa ramin kunne

Da ɗan fitilar leƙen kunne ake yi, minti ɗaya ya isa. In datti ne ya toshe, a cire shi kafin gwaji, in ba haka ba sakamakon zai fito da ƙari. Na sha ganin wanda ya zo da niyyar sayen na'ura ya koma gida ba ya buƙatarta. Kada ka tura tsinken auduga, ashana ko makulli, cusa dattin kake yi ciki, wani lokaci har a huda dodon kunne. Ɗigon man zaitun ko maganin tausasa datti na 'yan kwanaki yana taimakawa kafin a wanke ko a zuƙe shi a asibiti. Amma wanda dodon kunnensa ya taɓa hujewa, ko aka taɓa yi wa tiyata a kunnen, ko kunnen ke yoyo, kada ya ɗiga komai sai likita ya ce.

Mataki na 4: Gwajin ji

Kada ka je kana cikin mura mai toshe kunne, kuma ka guji ƙara mai yawa tun daga jajibirin ranar, don kunne na yin dum na ɗan lokaci bayan hayaniya.

Za a shigar da kai ɗaki marar ƙara, a sa maka hedifon, a ba ka maɓalli ka danna duk lokacin da ka ji "tiii". Ana bin sautuka daga mai kauri, haz 250, zuwa siriri, haz 8000, kunne ɗaya bayan ɗaya (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Kuskuren da aka fi yi iri biyu ne: wani sai ya tabbatar ya ji sosai kafin ya danna, wani kuma dannawa yake ta yi ko bai ji komai ba don kada a ce ya faɗi. Ba jarrabawa ba ce. Ko ɗan ƙyas ka ji, danna, in ba ka ji ba ka bari. Daga nan a ɗora wani ɗan abu mai girgiza a ƙashin bayan kunne, wanda ke aika sauti kai tsaye zuwa kunnen ciki. Sai gwajin motsin dodon kunne, inda za ka ji ɗan matsin iska na daƙiƙoƙi.

Na ƙarshe, wanda nake so ka nace a yi maka, shi ne gwajin kalmomi: a karanto ka maimaita. Mutum biyu na iya samun zane iri ɗaya a takarda, ɗaya na rarrabe kusan duk kalmomin in an ƙara ƙarfi, ɗayan ko rabi ba ya kamawa. Na farko zai ji daɗin na'ura nan da nan, na biyu dole a faɗa masa gaskiya tun yanzu cewa taimakon zai taƙaita. In ba ka jin harshen da aka yi jerin kalmomin da shi sosai, ka faɗa, a yi da lambobi ko da harshen da ka iya.

Mataki na 5: Ka karanta takardarka

Ana kiranta odiyogiram. Ka karɓi kwafinta, haƙƙinka ne, da ita za ka kwatanta shawarar wani wurin. Jan da'ira kunnen dama, shuɗin gicciye kunnen hagu. Daga hagu zuwa dama sauti na tafiya daga kauri zuwa siriri. Daga sama zuwa ƙasa kuma desibel ne, wato ƙarfin da sauti ya kai kafin ka ji. Gwargwadon yadda alamar ta yi ƙasa, gwargwadon raunin. Don ka kama ma'auni, raɗa wajen desibel 30 ce, hira ta yau da kullum wajen 60.

Ka tara desibel ɗin da ka samu a haz 500, 1000, 2000 da 4000 ka raba huɗu. Bisa rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da shi a rahotonta na 2021, ƙasa da 20 lafiya lau, 20 zuwa 34 rauni kaɗan, 35 zuwa 49 matsakaici, 50 zuwa 64 ya fara tsanani, 65 zuwa 79 mai tsanani, 80 zuwa 94 mai tsanani ƙwarai, 95 zuwa sama kurumta. In layin gwajin ƙashin bayan kunne ya fi layin gwajin hedifon kyau da tazarar da ta haura desibel 10, akwai toshewar hanya, a koma wurin likita a ji ko tana gyaruwa.

Mataki na 6: Zaɓen siffar na'ura

Kowace na'ura abu huɗu ne a cikinta: makirufo, ɗan kwamfutar da ke sarrafa sauti, ƙaramar lasifika, da batir. Bambancin yana ga inda aka ajiye su.

Ta bayan kunne mai tiyo, wadda za ka ga an rubuta BTE a kwalinta. Komai na bayan kunne, siririn tiyo ya kawo sauti cikin matoshin da aka ƙera daidai ramin kunnenka. Ita ce mafi ƙarfi da juriya, ba ta tsoron datti da gumi kamar sauran, kuma tana da girman da tsoho mai rawar hannu ko amosanin gaɓɓai zai iya riƙewa. Rauni mai tsanani, kunne mai yawan datti, da yara, duk ita ce tasu.

Mai lasifika a cikin rami, RIC. Jikinta ƙarami a bayan kunne, siririyar waya ta shiga rami da lasifikar a bakinta sanye da 'yar hular roba. Ita aka fi sawa yanzu, kuma ga wanda siraran sautuka ne kawai suka tafi, ita nake fara nunawa, don hular mai huji na barin sautuka masu kauri su shiga da kansu, mutum ba ya jin kamar an toshe shi. In ji ya ƙara raguwa, lasifikar kawai za a canza. Aibinta shi ne datti da laima na kashe lasifikar in ba a kula.

Masu zama cikin kunne gaba ɗaya, daga wadda ta cika tafin kunne har 'yar mitsitsiyar da ke ɓuya a rami. Kowa ita yake fara tambaya, saboda kunya. Amma ƙanƙantar na da farashinta: batir ƙarami mai saurin ƙarewa, babu wurin makirufo biyu a mafi ƙanƙantarsu, ƙarfinsu bai kai na bayan kunne ba, kuma su suka fi yawan zuwa gyara. Ni dai a ganina "Na'am? Me ka ce?" sau goma a zama ɗaya ya fi kowace na'ura tona asiri.

In kunne ɗaya ya mutu ɗayan na aiki, akwai tsarin CROS, wanda ke ɗauko sauti daga mataccen ɓangaren ya aika wa mai ji. In kunne ba ya daina yoyo, ko an haifi mutum babu ramin kunne, akwai na'urar da ke bi ta ƙashi.

Kunne biyu suka raunana, na'ura biyu ake sawa. Da kunne biyu ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti ya fito, da su take tsamo murya daga hayaniya. Matsakaita guda biyu sun fi mai tsada guda ɗaya. In hali bai ba da biyu ba, a bar mai gwaji ya zaɓi kunnen, galibi wanda ya fi rarrabe kalmomi.

Mataki na 7: Abin da ya cancanci kuɗinka a cikinta

Ɗauko takardar nan ta wuraren da ke ba ka wahala. Wanda yawancin ranarsa a gida take da mutum biyu ko uku ba ya buƙatar ta ƙoli. Wanda ke yini a taro da hayaniya shi ne zai ga amfanin ƙarin. Abin da ba zan bari a rasa ba: makirufo biyu masu fifita muryar da ke gabanka, tsarin hana na'urar yin fito (ƙarar "fiii"), tsarin rage hayaniya, da sauran ƙarfi a ajiye don gaba. Kada ka sayi wadda tun ranar farko an ƙure ta.

Bluetooth na kawo kiran waya kai tsaye cikin kunnuwa biyu. Ga mai yawan waya babban abu ne, amma a gwada da wayarka a wurin kafin ka biya, ba kowace ke haɗuwa da kowace ba. Telekoyil, wanda ake yi wa alamar T, na aiki a zaurukan da aka shimfiɗa wa wayar sauti ta musamman. Mai yawan gumi ya nemi alamar IP68 ta jure ruwa da ƙura, amma ko da ita ba a wanka da na'ura.

Sai batir. Mai caji na ɗaukar awa uku zuwa huɗu ta yi maka yini, kuma ta raba tsoho da fama da ƙananan batura. In wuta ba ta da tabbas inda kake, ka haɗa da ma'ajiyar caji ta hannu, ko ka zaɓi mai batir na cirewa. Waɗannan girma huɗu ne, kowanne da launinsa: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Ƙaramin 'yan kwanaki yake yi, babban ya kai mako biyu ko fiye. Da iska suke aiki: ka ɓare takardar, ka jira minti ɗaya ko biyu kafin ka sa. Da zarar an ɓare ya fara ci, mayar da takardar ba ya tsayar da shi. Ka tabbatar girman da na'urarka ke ci yana samuwa kusa da kai.

Mataki na 8: Zaɓen wanda zai saita

Manyan kamfanonin, Phonak, Oticon, Widex, ReSound, Signia da Starkey, duk suna yin na'urori masu kyau, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tazarar da ke tsakanin mai saitawa na kirki da na banza ba. Ka tambaye shi: zai auna sautin a cikin kunnenka bayan ya sa na'urar? Akwai lokacin gwaji da za ka iya mayarwa, kwana nawa, nawa za a cire? Garantin shekara nawa, ya haɗa da ɓata? Zuwan gyaran saiti na cikin kuɗin? In ta lalace ina ake kai ta? Duk a rubuce. Wanda ya ce na'urarsa za ta mayar maka da ji kamar na yaro, ko ya matsa sai ka biya yau, tashi ka ba shi wuri.

Ka yi hattara da abin ƙara sauti da ake tallatawa da araha a intanet, mai kama da na'urar ji. Komai yake ɗagawa bai ɗaya, murya da ƙarar ƙofa da hon ɗin mota, kamar rediyon da ba a kamo tasha daidai ba aka ƙure masa murya. Yana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage. Araha ba ta ado.

In babu ƙwararre kusa da kai, akwai mafita ta tsakiya. Tun Oktoban 2022 Amurka ta halatta sayar da wasu na'urorin ji ba tare da takardar likita ba, ga manya masu rauni kaɗan zuwa matsakaici, waɗanda mutum ke saitawa da manhajar waya. A 2024 kuma aka amince AirPods Pro 2, abin sauraro na kunne na kamfanin Apple, su yi irin wannan aikin, ko da yake ba a kowace ƙasa aka buɗe shi ba. Ba na yara ba ne, ba na rauni mai tsanani ba ne, kuma ba sa ɗauke maka Mataki na 2 da na 3. Wata hanyar ita ce ka yi tafiya sau ɗaya a auna a saita, ka zaɓi na'urar da ake iya gyara saitinta daga nesa ta waya. Wadda wani ya taɓa amfani da ita kuma, in ta bayan kunne ce, tana yiwuwa, muddin za a sake saita ta a yi maka sabon matoshi.

Mataki na 9: Ranar saitawa

In matoshi za a ƙera, an riga an ɗauki zubin kunnenka: a tura ɗan soso mai zare ya tare hanya, a matsa wani abu mai laushi da sanyi ya cika ramin, bayan 'yan mintuna ya daskare a zaro shi. Ba zafi, sai dai ka ji kunnen ya yi dum.

Ranar karɓa, za a shigar da odiyogiram ɗinka a kwamfuta, wani ma'auni ya lissafa ƙarin da kowane sauti ke buƙata. Fitattun biyu su ne NAL-NL2 na Ostareliya da DSL na Kanada, wanda aka fi yi wa yara. Sai awon cikin kunne: a zura wani siririn tiyo mai laushi har kusa da dodon kunne, a sa na'urar a kansa, a kunna magana daga lasifika a gabanka, a ga a allo abin da ke isa ciki da gaske. Ramin kunnen kowa daban ne, lissafin kwamfuta hasashe ne kawai sai an auna. Wurare da yawa na tsallake wannan. Ka nema.

Kada ka bar wurin sai ka sa ka cire da hannunka sau da yawa a gaban madubi. Ja dama, shuɗi hagu. Ka rataya jikin a bayan kunne, ka ja saman kunnen sama da baya da ɗaya hannun don ramin ya miƙe, ka tura hular har wayar ta kwanta a jikin fata ba ta yi tsalle waje ba. Wanda ya rako ka ya yi magana daga gaba, daga baya, a hankali, sannan a tafa hannu da ƙarfi. Tafin ya kamata ya yi ƙara amma kada ya yi zafi.

Mataki na 10: Makonnin farko

A nan ake rasa mutane. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru ba ta ji ƙarar takarda, zubar ruwan famfo da takun takalmi ba, za ta ɗauke su duka a matsayin abin damuwa. Muryarka za ta yi maka baƙo, taunarka ta cika maka kai. Wannan ba lalacewa ba ce, yana lafawa, amma sai in kana sawa. Fara a gida awa uku ko huɗu, kana ƙarawa kullum, cikin mako biyu ka kai tun tashi har kwanciya. Ka riƙa karatu a bayyane na 'yan mintuna don ka saba da muryarka. Kada ka ajiye ta sai ranar taro, wannan ne wuri mafi wuya kuma ka je masa ba shiri.

Ka rubuta abin da ya dame ka dalla-dalla. "Ba ta yi ba" ba ya taimakon mai saitawa. "Ƙarar cokali a faranti na sokata" ko "ina jin muryata kamar a cikin ganga" yana gaya masa daidai inda zai taɓa. Na biyun sau da yawa faɗaɗa hujin iska a matoshi ke gyara shi. Ka koma bayan mako biyu zuwa huɗu, ko da kana ganin komai lafiya. Ciwo ko gyambo a kunne ba abin jurewa ba ne, cire ta a gyara matoshin.

Mutanen gida ma da nasu aikin. Na'ura ta fi aiki cikin tazarar mita biyu. A kira sunansa tukuna, a fuskance shi, haske na kan fuskar mai magana, a yi magana a natse ba ihu. In bai gane ba a sauya kalmomin, maimaita jimla ɗaya sau uku ba ya ƙara komai.

Mataki na 11: Kula da ita

Kowane dare ka goge ta da busasshen ƙyalle, ka share bakin lasifika da makirufo da buroshi bakin na kallon ƙasa don dattin ya zubo. Mai batir na cirewa, buɗe ƙofar batir ka sa ta a kwalbar silika. Ba a shanya ta a rana, ba a busa mata na'urar busar da gashi, ba a goge ta da ruwa ko turare. Cire ta kafin wanka, kafin fesa wani abu a kai, da kafin hoton MRI.

In ta yi shiru, kafin ka ce ta mutu, canza matatar datti, sannan batir. Yawancin "ta lalace" a nan suke ƙarewa. In tana fito, ko ba ta zauna daidai ba, ko datti ya taru a kunnen, ko tiyo ya tsage. Tiyo na bushewa ya yi rawaya, ana canza shi duk wata huɗu zuwa shida. Na'urar kanta wajen shekara biyar take yi. Ka sake gwajin ji duk shekara, kuma ka kare abin da ya rage: ƙarar desibel 85 na awa takwas a rana na cin kunne, duk ƙarin desibel 3 kuma na raba wannan lokacin biyu. Na'urar ji ba ta kare kunne daga ƙarar inji, matoshin kariya daban ne.

Baturan nan ka ɓoye su daga yara, kada kuma ka ajiye su kusa da ƙwayoyin magani, tsoho na iya haɗiya bisa kuskure. Wanda ya haɗiyi batir, ko ya tura shi a hanci ko kunne, asibiti nan take, ba a jira a ga alama.

Mataki na 12: Yara, da lokacin da na'ura ta gaza

Yaro ba a jira da shi, don da kunne yake koyon magana. Ƙa'idar da ake bi ita ce a tantance jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Jaririn da ya yi shawara mai tsanani, bakwaini, da wanda ya yi sanƙarau, a auna su ko da suna firgita in an buga ƙofa. Ta bayan kunne ake sa musu, mai ƙofar batir da ke kullewa, ana sake matoshi a kai a kai saboda kunnen na girma, kuma a haɗa da mai koyar da magana.

Babba ko yaro, in raunin ya yi tsanani, an sa na'ura mafi ƙarfi, an saita ta da awon cikin kunne, an sa ta kullum na watanni, amma har yanzu kalmomi ba sa fita sai an kalli baki, to kada a ci gaba da sayen wata bayan wata. A nemi a tura ku wurin masu dashen kunnen ciki, na'urar da ake sawa ta tiyata ta tsallake matattun ƙwayoyin ta taɓa jijiya kai tsaye. Wanda sanƙarau ya kurumta a gaggauta kai shi, don kunnen ciki na iya cikewa da ƙashi cikin 'yan watanni, dashen ya yi wuya.